Faifan sabar gidana ya fara mutuwa, kuma muryar kakata na ciki

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agajin waɗanda suka san Linux da harkar faifan ajiya. Tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba.

Shekara huɗu da rabi ke nan da na haɗa 'yar saba a gida. Tsohuwar kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo, na ɗora mata OpenMediaVault, wato manhajar Linux ta sabar ajiya, a kan ƙaramin SSD, na ƙara mata manyan faya-fayai biyu, kowanne 4TB. Na haɗa su RAID 1, wato tagwaye, duk abin da aka rubuta wa ɗaya an rubuta wa ɗayan, na tsara su da ext4, tsarin jera fayil na Linux. Tana ƙarƙashin tebur a ɗakin karatuna, jone da inbata. Sai dai batirin inbatar ya gaji, in an ɗauke wuta da daddare ba ya kaiwa asuba, sai kwamfutar ta mutu farat ɗaya. Hakan ya faru ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Ran Talata bayan la'asar maiɗakina ta ce foldar da take ajiye aikin digirinta na biyu ta ƙi buɗuwa. Na shiga ta SSH na buga ls a cikin foldar, sai ya amsa mini da Structure needs cleaning. Na duba dmesg, inda Linux ke rubuta matsalolin na'ura, na tarar da shi cike da I/O error da UNC, wato kuskuren karatu, duk a kan sdb, ɗaya daga faya-fayan biyu. Da na buga cat /proc/mdstat kuwa, ga abin da ya fito:

md0 : active raid1 sdb[0]
[2/1] [U_]

Nan gabana ya faɗi. Ashe faifai ɗaya ne ke ta aiki shi kaɗai, ɗayan, wato sdc, ya fice daga haɗin ban san tun yaushe ba. Ban taɓa saita imel ɗin gargaɗi ba, kuma rabona da buɗe shafin sabar tun cikin damina.

Kayan da ke ciki sun kai 2.6TB. Akwai hotunan aurenmu, na sunan yara, kwafin takardun fili, da aikin maiɗakina. Duk waɗannan in sun tafi zan ji zafi, amma ba su suka hana ni barci ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu kusan kowace Asabar nakan tafi ƙauye da 'yar rikoda wurin kakata ta wajen uwa, Iya muke ce mata. Na ɗauki muryarta tana ba da tarihin gidanmu, inda kakanninmu suka taso, wa ya haifi wa, yunwar da ta same su tana amarya, har da waƙoƙin niƙa da na daɓe waɗanda ta ce yanzu babu mai yin su. Fayil 14 ne, WAV, kusan awa 19. Iya ta rasu a Fabrairu. Katin rikodar kuwa nakan goge shi in na zuba abin da ke ciki a sabar, don a ganina wurin da ke da faifai biyu ya fi ko'ina tsaro.

Abin da na yi zuwa yanzu: na kashe na kunna sau biyu. Na gwada kwashe foldar Iya da cp zuwa filash, fayil uku suka fita lafiya, a na huɗu ya tsaya cik wajen minti 40, faifan yana wata 'yar ƙara ƙurus-ƙurus. Tsoro ya kama ni na kashe, ban sake kunnawa ba.

Shin in buga fsck -y ya gyara? Ko in danna maɓallin nan na shafin sabar da ke mayar da faifai cikin RAID, don sdc ya kwashi abin da ya rage kafin sdb ya ƙarasa? Ko in ɗauka in kai wa masu gyara? Ina Zariya, amma in ta kama in je Kano ko Kaduna ko Abuja, zan je.

Mai Shagon Waya

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Iya. Malam, cire faifan ka sa shi a irin akwatin nan na USB ka jona a Windows, akwai manhajojin dawo da fayil da yawa, mu da su muke dawo wa mutane da hotuna daga memori kullum. In kuma yana ƙara, na sha jin ana cewa a naɗe shi a leda a sa a firiza ya kwana, da safe zai ɗan yi aiki.

Baba Injiniya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta wa Iya, ya sa Aljanna ce makomarta. Ƙanena, a cikin duk abin da ka yi tun Talata, kashewar nan ce ta fi. Bar ta a kashe har ka gama karanta wannan.

Tambayoyinka biyu na farko, kada ka yi ko ɗaya. Zan faɗi dalili, domin in ka riƙe dalilin ba za ka faɗa ramin ba ko da babu wanda za ka tambaya a kusa.

Aikin fsck gyara ne, gyara kuwa rubutu ne. Zai bi faifan lungu-lungu, allurar tana kai da komo awa da awanni a kan farantin da ya riga ya fara lalacewa. Duk inda ya kasa karantawa, tunda ka ba shi -y, shi kaɗai zai yanke hukunci: ya share, ko ya jefa abin a lost+found da lamba a maimakon suna. Abin da ya rubuta kuma ya rubutu. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Maɓallin mayar da sdc ma ya fi wannan haɗari. Ka duba: sdc ya fita daga haɗin a wata rana da ba mu sani ba tukuna, kuma tun ranar ba a rubuta masa komai ba. In lafiyarsa ƙalau, to yanzu haka yana riƙe da cikakken kwafin duk abin da ka mallaka har zuwa ranar, tsaf, tun kafin ɓarnar nan ta soma. Da zarar ka danna, mdadm, manhajar da ke kula da RAID ɗin, zai ɗauki sdb a matsayin mai gaskiya, ya fara juye shi a kan sdc. Ɓarnar da ke cikin ext4 za ta bi ta koma can, sannan in ya ci karo da sekta, wato ɗan gurbin ajiya a faifai, da ba ta karantuwa, aikin zai tsaya a tsakiya. Sai ka tashi da faifai ɗaya marar lafiya, ɗayan kuma rabi tsoho rabi sabo. Na taɓa ganin wannan a wani ofis da na yi wa aiki, kuma ba mu iya mayar musu da abin da suka rasa ba.

Ɗan'uwa mai shagon waya, na san taimako kake nufi, kuma a kan memori shawararka tana ci. A nan ne ba za ta yi ba. Windows ba ta karanta ext4 ko mdadm da kanta. OpenMediaVault kuma kan haɗa RAID a kan faifan gaba ɗayansa ba tare da fatishan ba, saboda haka Windows za ta gan shi kamar sabo fil, ta nemi izinin shirya shi. In aka amince mata, za ta rubuta teburin GPT a sektoci 34 na farko, alhali bayanin mdadm yana zaune ne 4KB daga farkon faifan, daidai cikin wurin. Firiza kuwa, faifan da aka fito da shi daga ƙanƙara zuwa zafin Afrilu raɓa ce za ta kwanta a cikinsa, ga shi tazarar da ke tsakanin allura da faranti 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙura ma ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Akwatin USB shi ma a bar shi, yawancinsu in suka haɗu da mummunar sekta sai su katse gaba ɗaya.

Ga abin da nake so ka yi yau, kuma iyakarsa ke nan. Sauke SystemRescue, wato Linux ɗin ceto, ka ɗora a filash daga laftof ɗinka. Buɗe sabar ka zare SSD ɗin da faya-fayan biyu, ka rubuta lambar siriyal ɗin kowanne a takarda, domin sunayen nan sdb da sdc suna sauyawa daga wannan kunnawa zuwa waccan, siriyal ne ba ya sauyawa. Jona faifai ɗaya tak, da sabuwar wayar SATA, ka tashi daga filash ɗin. In ka ga md127 ya bayyana da kansa, tsayar da shi da mdadm --stop /dev/md127, sannan ka kulle faifan daga rubutu (a gurbin sdX ka sa sunan da faifan ya samu):

blockdev --setro /dev/sdX
smartctl -a /dev/sdX
mdadm --examine /dev/sdX

Daga smartctl, mai nuna lafiyar faifai, ka kawo mini layi na 5, 9, 194, 197, 198 da 199. Daga mdadm ka kawo Update Time, Events da Data Offset. Kashe, ka yi wa ɗayan haka. Kada ka sa dogon gwajin smartctl a kan marar lafiyar, wahalar da shi kawai zai yi.

Ka kuma kasa kunne lokacin da yake tashi. In ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere sannan ya daina juyawa, allura ce ta samu matsala, zare wuta nan take. Wannan ya wuce aikin gida, sai ɗakin gyara mai tace iska, kuma kada ka yarda kowa ya kwance murfinsa a kan tebur a kasuwa. In kuwa yana juyawa lafiya, ƙarar sai wajen karatu, muna da hanya.

Malamar Kimiyya

Allah ya jiƙan Iya da rahama, ya ba ku haƙuri. Ni ban kai Baba sanin RAID ba, amma akwai abu biyu da ba su buƙatar ka taɓa faifan. Na farko, katin rikodar. Zare shi yanzu, ka ture ɗan maɓallin da ke gefensa zuwa kulle, ka bi shi da PhotoRec, manhajar tono fayilolin da aka goge. Gogewa ta yau da kullum ba ta share sautin, jerin sunaye kawai take sharewa, sai in an ɗauki wani abu a kai. Na biyu, ka ce wa maiɗakinka ta duba akwatin saƙonnin da ta aika a imel, da WhatsApp ɗinta da malamin da ke duba aikin. Duk babin da ta taɓa turawa yana can. Lokacin da laftof ɗina ya mutu ina tsakiyar nawa aikin, ta nan na tattaro kusan komai.

Filash ɗin nan mai fayil uku kuma, kwafe shi a laftof da waya tun yau.

Ɗan Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi yadda ka ce.

Tsohon sdc: layi na 5, 197 da 198 duk sifili ne. Na 199 kuwa 1,847. Update Time ɗinsa watan Agustan bara ya nuna.

Tsohon sdb: na 5 yana 312, na 197 yana 1,096, na 198 yana 240, na 199 sifili. Awannin aikinsa sun haura 29,000, zafi mafi tsanani da ya taɓa kaiwa digiri 58. Events ɗinsa ya zarce na ɗan'uwansa da dubbai. Data Offset a dukansu 264192 sectors. Babu ƙas-ƙas, yana juyawa lafiya.

Da na buɗe akwatin na tarar wayar sdc ta ɗan zame daga bakinta, irin marar ƙugiyar ƙarfe ce. Sai na tuna a Agusta rufin ɗakin ya yi yoyo, na ja teburin da kwamfutar zuwa ɗaya bangon cikin dare. Ƙura kuwa ta toshe fankar gaba kamar auduga.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne Agusta ta riga Nuwamba. Muryar Iya ba ta kan lafiyayyen, tana kan marar lafiyar kaɗai.

Malama, babi na ɗaya zuwa na uku suna cikin imel kamar yadda kika ce, maiɗakina tana gaishe ki tana godiya. Na huɗu da alƙaluman da ta tattaro daga makarantu ne babu. Katin kuma, duk mako nake goge shi in sake ɗauka a kai, sannan na yi aiki da shi a wata walima a Maris. PhotoRec walimar kawai ya samo. Na dai kulle shi na ajiye.

Baba Injiniya

Alhamdu lillah, labarin ya fi yadda na yi tsoro. Layi na 199 yana ƙirga kuskuren da ke faruwa a hanya tsakanin faifai da kwamfuta, wato waya ko bakin jona ta, ba jikin faifan ba. Faifan nan lafiyarsa ƙalau, wayarsa ce ta sa aka kore shi. Duk abin da ka ajiye kafin Agusta yana hannunka. Sa shi a leda, rubuta masa "kada a taɓa", ka ɗora a saman kabad. Sai mun gama da ɗan'uwansa za mu koma kansa.

Shi sdb kuwa tafiya yake yi. Sektoci 312 ya riga ya sauya musu wuri, wasu 1,096 suna jira ya kasa karanta su. Adadin nan ƙaruwa zai yi ta yi duk lokacin da yake juyawa, don haka kowace awa da za ka kunna shi sai ka san abin da za ka saya da ita.

Kayan aikinmu GNU ddrescue ne, yana cikin SystemRescue. Bambancinsa da cp shi ne bai da naci a inda bai kamata ba. Shi cp in ya tarar da mummunan wuri sai ya tsaya yana ta bugawa, abin da ya same ka minti 40 ke nan. Shi kuwa ddrescue tsallakewa yake, ya kwashe duk mai sauƙi tukuna, ya rubuta a wani ɗan fayil da ake kira taswira inda ya samu da inda ya bari, sai daga baya ya dawo wa masu wuyar. Taswirar nan ita ce ke cetonmu a ƙasar da wuta ba ta da tabbas: in an ɗauke, ka sake buga umarnin da taswirar, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Kada ka taɓa buga ddrescue babu ita.

Kana buƙatar faifai na uku wanda ya fi 4TB, a ce 6TB, ko saye ko aro, ka tsara shi da ext4 ka ɗora a /mnt/sabo. Dole ya fi girma, domin kwafin faifan gaba ɗaya zai zama fayil guda mai 4TB, ga kuma abin da za ka ciro daga ciki.

A ƙa'ida nakan ce wa kowa ya fara da kwafin faifan gaba ɗaya. Na kwana ina juya naka, na ga gara mu saɓa. Awa 19 na WAV daga irin rikodar nan bai fi 7GB ba, kuma foldar tana buɗuwa tunda cp ya ciro uku. Karanta 4TB kuwa, ko lafiyayyen faifai mai gudun 150MB a daƙiƙa sai ya ci awa bakwai da wani abu. Ba zan so faifan nan ya cika a awa ta biyar muna kwasar finafinan da za ka iya sake samu ba, alhali muryar Iya na can ƙarshe. To mu fara ɗauko ta.

Ba sai mun tayar da RAID ba sam. A RAID 1, abin da ke bayan Data Offset, wato wurin da ajiyar fayil ta fara a faifan, ext4 ne zalla. Lissafin shi ne 264192 sau 512, ya ba da 135266304:

blockdev --setro /dev/sdX
losetup -r -o 135266304 /dev/loop5 /dev/sdX
mount -o ro,noload /dev/loop5 /mnt/tsoho

Kalmar noload tana da muhimmanci. In babu ita, ext4 kan nemi ƙarasa rubutun da ya rage a littafin ajiyarsa ko da ka ce karatu kawai kake so. Daga nan sai ka bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da taswirarsa:

ddrescue -n /mnt/tsoho/iya/05.wav /mnt/sabo/iya/05.wav /mnt/sabo/iya/05.map

Fara daga na 5 zuwa na 14, ka bar na 4 a ƙarshe tunda mun san yana da ciwo. Kada ka shiga foldar maiɗakinka, kada ka yi yawo a faifan kana leƙe-leƙe. Da ka gama, umount, losetup -d /dev/loop5, sai babban aikin:

ddrescue -d -n -b4096 /dev/sdX /mnt/sabo/faifai.img /mnt/sabo/faifai.map

Ka duba sdX da siriyal sau biyu kafin ka danna. Wanda ake karantawa shi ke zuwa farko, inda ake zubawa na biyu. In wannan zagayen ya ƙare, sake bugawa ka cire -n ka sa -r3, zai koma kan wuraren da ya tsallake ya gwada su sau uku. Wannan zagaye na biyun yana iya cin kwanaki, kuma abin da yake ƙarowa kaɗan ne. In ka ga ya yi rabin yini bai ƙara ko sekta ɗaya ba, dakatar da shi.

Buɗe gefen akwatin ka sa fankar tebur tana hura faifan. Ka kuma cire firij da talabijin daga inbatar har aikin ya ƙare, domin taswira tana kare aikinka ne, ba ta kare faifan daga mutuwar farat ɗaya ba.

In kwafin ya samu, zare sdb ka ajiye, duk sauran aiki a kan faifai.img za a yi. Ka ɗora shi da losetup da lambar nan ta sama, ro,noload, ka kwashe abin da zai kwasu da rsync. Bayan nan ne fsck zai shigo, a kan kwafin, kuma da -z don ya ajiye fayil ɗin da za a iya warware gyaran da shi in ya ɓata. In ya ce babban bayanin ext4 ya lalace, akwai kwafinsa a bulo na 32768, sai ka ba shi -b 32768 -B 4096. PhotoRec shi ne makami na ƙarshe, domin fayilolin da yake fitarwa ba suna ba folda, sai lambobi dubbai.

Don sanin waɗanne fayiloli ne ramukan suka shafa, ddrescuelog -l- -b4096 faifai.map zai jero maka lambobin bulon da suka gagara. Cire 33024 daga kowace lamba, wato Data Offset ɗin nan a ma'aunin 4096, ka ba debugfs da icheck ya faɗa maka inode, wato lambar fayil ɗin, sannan ncheck ya faɗa maka sunan fayil. In ka kai nan ka rikice, dawo mu yi tare.

Mai Shagon Waya

Baba, na gode da gyara. Maganar firizar nan na sha faɗa wa mutane a shago, daga yau na bari.

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan, ga yadda aka ƙare.

Na samu aron faifai mai 6TB wurin wani abokin aikina. Fayilolin Iya daga na 5 zuwa na 14 sun fito cif, babu ko rami ɗaya, cikin ƙasa da rabin awa. Ina zaune ina kallon allon, da na goma sha huɗu ya cika ɗari bisa ɗari sai da na tashi na yi sujada. Na 4 ya fito da giɓin 2MB da ɗoriya. A daren na kwafe su duka a laftof, da waya, da filash biyu.

Zagayen farko na babban kwafin ya ci awa 11, ya tsaya a kashi 99.98. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, inbatar ta riƙe awa uku, da na ga batirin ya yi ƙasa na danna Ctrl da C na kashe da hannuna. Da wuta ta dawo na sake buga umarnin, ya ɗora daga inda ya tsaya, yadda Baba ya ce. Zagaye na biyu ya ɗauki kwana biyu da yini. Lokacin da na dakatar da shi, abin da ya gagara a duk faifan wajen 9MB ne, layi na 197 kuwa ya haura 4,000. Da fsck na sa masa ran Talatar nan, ban san inda za mu kasance ba.

Foldar maiɗakina ita ce ta fi ba mu aiki. Ashe bulon da ke riƙe da jerin sunayen foldar ne ya mutu, su fayilolin suna nan. Bayan e2fsck a kan kwafin, 63 suka faɗo a lost+found, kowanne da lamba. Na bi su da umarnin file don sanin wanne Word ne wanne Excel, ita kuma ta zauna bayan isha'i tana buɗe su ɗaya-ɗaya tana mayar musu da suna. Babi na huɗu ya fito, alƙalumanta sun fito. Da debugfs na gano sauran waɗanda abin ya shafa: bidiyo uku da hotuna 20 da 'yan kai. Yawancinsu na kafin Agusta ne, na same su lafiya a kan sdc, wanda na ɗora shi da losetup ɗin nan, karatu kawai. Bidiyon sunan autarmu ne kaɗai ke tsinkewa na ɗan lokaci a tsakiya.

Yanzu sdc yana da waya mai ƙugiya da sabon abokin haɗi, na saita imel ɗin gargaɗi na kuma gwada shi ya iso. Faifan USB guda na kai gidan yayana a Kaduna da kwafin abubuwan da ba su da madadi, na kuma ɗora su a intanet. Batirin inbata sai ƙarshen wata. Baba, ina so in tambaye ka yadda ake sa sabar ta kashe kanta in batir ya yi ƙasa, amma zan buɗe wa wannan tambaya ta daban.

Fayil na 4 na sake ciro shi daga babban kwafin, giɓin ya ragu zuwa 1.3MB. Da yake WAV ne bai ƙi buɗuwa ba, inda aka rasa shiru kawai ake ji, wuri uku, duka-duka wajen daƙiƙa 14. Biyu sun faɗa inda nake yi mata tambaya. Na ukun, mafi tsawo, ya faɗa daidai inda Iya ke lissafa 'yan ɗakinsu, ta ambaci uku, sai shiru, sai ga ta a kan na bakwai.

Ran Juma'a na kai wa mahaifiyata na kunna mata. Tun rasuwar ba ta ji muryar ba, mun daɗe ba wanda ya ce komai. Da aka zo wurin shirun ta ce in mayar baya. Na mayar, Iya ta faɗi ukun, shirun ya shigo, sai Umma ta ɗora da sauran ukun a jere, har da garin da aka kai kowace aure. Na roƙe ta ta maimaita, na ɗauka da rikodar a kan sabon kati. Shi ne fayil na 15.